Yadda 'Yancin Sujada Ya Shiga Tsarin Mulkin Nijeriya

'Yan'uwa cikin Kristi, yawancinmu mun tashi mun tarar ana buga ƙararrawar sujada ran Lahadi ba mai hanawa, har muna gani kamar haka abin yake tun fil'azal. Bari mu duba tarihi kaɗan.

Da Lugard ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawari gwamnatinsa ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Saboda haka aka taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakuna, bishara kuwa ta fi samun gindin zama a tsakanin ƙananan kabilu, wato iyayenmu na Filato, Binuwai, Adamawa da kudancin Zariya.

Da mulkin kai ya matso, sai tsoro ya kama su. In Bature ya tafi, wa zai tsare musu ikkilisiya da makaranta? Su 'yan kaɗan ne a Jihar Arewa. Ƙananan kabilun Gabas da na Yamma su ma suna da irin nasu tsoron. Don haka a 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Henry Willink, ya zagaya ƙasar yana jin kukan jama'a. Mutane da yawa sun nemi a ba su jiha tasu. Ƙungiyoyin Kirista kuwa sun roƙa a rubuta 'yancin addini cikin doka.

A rahotonsa na 1958 kwamitin bai yarda da ƙirƙiro sababbin jihohi ba, wannan kuwa ya ɓata wa da yawa rai. Amma ya ba da shawara a sa haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa sa su cikin na 1960. A yau sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa, da sake addini, da yaɗa shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ne, wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa ko na jiha.

Mu lura da abu biyu. Na fari, ya kamata mu san wannan doka, mu koya wa 'ya'yanmu. A Ayyukan Manzanni sura 22, da za a yi wa Bulus bulala, ya tuna wa jarumin cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, aka fasa. Neman haƙƙi cikin ladabi ba rashin bangaskiya ba ne.

Na biyu, dokar ba ta Kirista kaɗai ba ce. Ita ce ke tsare masallacin maƙwabcinmu a garin da mu ne muka fi yawa, da tsohon da har yanzu yake bin addinin gargajiya. In muka hana wani abin da iyayenmu suka roƙa, da wane baki za mu nema wa kanmu? Yesu ya kira mutane su bi shi, bai tilasta wa kowa ba.

Bari mu yi addu'a domin shugabanninmu, da 'yan'uwan da har yanzu ake hana su filin gina ɗakin sujada. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama. Amin.