Daga Falasha zuwa Isawa: Jiran Almasihu a Tarihin Aikin Mishan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da sauran annabawa baki ɗaya.

Bayan haka, wanda ya bi tarihin mishan a ƙarni na 19 zai lura cewa sukan fi samun shiga wurin jama'ar da ke da wata tsohuwar magana a kan Almasihu. Yahudawa ne misali na farko, domin sun daɗe suna jiran zuwansa. A 1809 aka kafa ƙungiya a Landan musamman don yi musu wa'azin Kiristanci, bisa hujjar cewa wanda suke jira ya riga ya zo, shi ne Annabi Isa (AS). A 1841 Michael Solomon Alexander, wanda dā malamin Yahudawa ne, ya zama bishop na farko na cocin Angilika a birnin Ƙudus. A 1860 ƙungiyar ta aika Henry Aaron Stern, shi ma Bayahude ta asali, zuwa ga Falasha, Yahudawan Habasha, inda wasunsu suka bi shi. Da yawa daga waɗanda suka karɓi wannan kira a Turai sun riƙe sunan Yahudanci da wasu al'adunsa, har suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu a Landan a 1866.

A ƙasar Hausa, mafi kusa da wannan shi ne labarin Isawa, waɗanda ake kuma kira Bani Isra'ila, ko da yake Hausawa ne Musulmi. Tushensu Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano da ya zurfafa cikin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya fifita shi fiye da yadda malamai suka yarda. An kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau, suna jiran bayyanar Annabi Isa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Walter Miller a Zariya, mutumin da Sarkin Kano Alu ya sallama tare da ayarinsu a 1900. Aka kafa musu gari a Gimi, cutar barci ta ci mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka shiga cikin jama'ar da ta zauna Wusasa tun daga 1929. Abin da wa'azin shekaru bai samar wa mishan a birane ba, jiran Isawa ya samar musu.

Malaman jihadi sun hango haɗarin jiran da babu ilmi a bayansa. Shehu Usmanu, yana zaune a Sifawa ta ƙasar Bodinga, ya wallafa Tahzirul Ikhwan yana gargaɗi game da masu da'awar Mahadi, ya kuma kore wannan matsayi daga kansa. Saukar Annabi Isa aƙida ce tabbatacciya wurin Ahlus Sunna, amma tana da alamomi da iyakoki da hadisai suka bayyana. Isawa sun riƙe jiran, an kuwa fuskance su da takobi maimakon karantarwa, sai suka yi nisa da zaurukan ilmi har wasu suka zo suka fassara musu abin da suke jira. Wajibi ne ɗalibai su karanta wannan babi da adalci ga mutanensa. Allah ne Mafi sani.