Filin Jolly Nyame da Taraba FC: shekaru biyun da Jalingo ta yi a Firimiya

Kwanakin baya ana hirar ƙwallo a wata majalisa a nan Sarkin Dawaki, sai wani dattijo ya ce ai Kano Pillars da Enyimba sun sha zuwa Jalingo neman maki. Wani yaro ɗan sakandare da ke gefe ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Yaron ya san 'yan wasan Arsenal har da na benci, amma bai taɓa jin cewa ƙungiyar garinsu ta buga babbar gasar ƙasar nan ba. Shi ya sa na ga ya kamata a rubuta abin a ajiye tun waɗanda suka gani da idonsu suna nan.

Jalingo garin dawaki ne kafin ya zama garin tamaula. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi a 1893 a matsayin sansani, kuma har yau sunayen unguwanninmu suna faɗar haka: Sarkin Dawaki, Barade, Majidaɗi, Turaki, Sintali. Ƙwallo kuwa ta ƙofar makarantar boko ta shigo, kamar yadda ta shiga yawancin garuruwan Arewa. Turawan da suka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 sun ɗauki wasan yamma a matsayin wani ɓangare na karatu, ɗaliban da suka fito daga can suka zama malamai, suka yaɗa al'adar a makarantun larduna. Don haka filin ƙwallo na farko da yaron Jalingo ya sani filin makaranta ne: na firamare irin ta Muhammadu Nya, ko na Kwalejin Gwamnati ta Jalingo. Fili ne na ƙasa da tsakuwa, a ja layi da toka ko farar ƙasa, 'yan kallo su zama su ne katanga. Ranar gasar gidaje ta makaranta, ko ranar da wata makaranta ta kawo ziyara, har masu rake da gyaɗa sun san da ciniki.

Muddin muna ƙarƙashin jihar Gongola, wadda aka kafa a 1976, duk wani babban abu Yola yake tafiya. Sai ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Gongola biyu, Jalingo ta wayi gari babban birnin jihar Taraba. Babban birni kuwa yana bukatar sakatariya da gidan gwamnati da filin taro. Filin wasan da muke da shi yanzu yana ɗauke da sunan Rabaran Jolly Nyame, gwamnan farar hula na farko, wanda ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, ya sake dawowa daga 1999 zuwa 2007. Abin da ya faru da shi daga baya sananne ne: kotu ta ɗaure shi a 2018, aka yi masa afuwa a 2022. Sunan dai yana nan a jikin fili, kuma yau idan ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka Jolly Nyame, ba zai tambaye ka mutumin ko wurin kake nufi ba.

Fili ba ƙungiya kango ne mai kujeru. Abin da ya sa masa rai shi ne Taraba FC, ƙungiyar gwamnatin jiha, wadda ta yi ta fama a rukuni na biyu har Allah ya kawo 2013. A waccan shekarar ta samu hayewa gasar Firimiya tare da Giwa FC ta Jos, da Abia Warriors ta Umuahia, da Crown ta Ogbomosho.

Sai mutum ya tuna halin da ake ciki a lokacin zai gane girman abin. Gwamna Danbaba Suntai ya yi hatsarin jirgin sama kusa da Yola a watan Oktoban 2012, Alhaji Garba Umar ne ke riƙon ƙwarya, ana ta ja-in-ja a kan wane ne mai iko da jihar. A maƙwabta kuwa, tun watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Ranar 1 ga Yunin 2014 bam ya tashi a Mubi daidai lokacin da jama'a ke watsewa daga kallon ƙwallo, mutane da yawa suka rasu. Bayan kamar mako biyu wani ya tashi a gidan kallo a Damaturu, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya. El-Kanemi Warriors ba ta iya karɓar baƙi a Maiduguri ba, sai aron fili ta yi a wajen jiharta. A irin wannan yanayi, wanda taron jama'a kansa abin tsoro ne, mutanen Jalingo suka riƙa bin layi ana laluben aljihunsu a bakin ƙofa, suna shiga kallon ƙungiyarsu. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa a rubuta shi a tarihin garin nan.

Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana da wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Ma'ana Rangers ta Enugu, da Heartland ta Owerri, da Warri Wolves, da Lobi Stars ta Makurdi, duk jadawali ya wajabta musu hanyar Jalingo. Sunayen da muka saba ji a rediyo sai ga su a gabanmu suna ɗaure takalmi. Wanda ya san gasar Najeriya ya san cin wasa a waje sai an sha wuya, kowa a gidansa yake tara maki. Kano Pillars ta shafe shekara 12 ba a doke ta a Kano ba kafin Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Saboda haka ƙaramar ƙungiya irin tamu ba ta da wani jari da ya wuce filinta da ihun magoya bayanta.

Tafiya waje kuwa wani yaƙi ne daban. Daga Jalingo zuwa Fatakwal ko Warri ko Akure a bas, ta Mutum Biyu da Wukari, a shekarun da Wukarin kanta ke fama da rikici. Ɗan wasa ya yini a zaune ƙafa a naɗe, gobe a ce ya yi gudun minti 90. Hanyar ma ba tabbas: a watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka jikkata 'yan wasa biyar. Idan haka ta sami zakarun ƙasa, to ina ga baƙuwar gasa?

Duk da haka Taraba FC ta tsira a kakar 2014. Pillars ta ɗauki kofi karo na uku a jere, Crown da aka hau tare da ita ta koma inda ta fito, tsofaffin hannu irin su Kaduna United da Gombe United suka faɗa ajin 'yan dagaji, mu muka zauna.

Kakar 2015 ce ta zo da gardama, kuma ba a cikin fili matsalar ta fara ba. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen 2015. Kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ragu, da yawansu suka kasa biyan albashi, har sai da gwamnatin tarayya ta ba su tallafin ceto. Ƙungiyar da ba ta da wata hanyar kuɗi sai baitulmalin jiha, ita ce ta farkon jin jiki, domin a layin masu bin bashi ɗan ƙwallo yana bayan malamin makaranta da ma'aikacin asibiti. Ga shekarar zaɓe. Gwamna Darius Ishaku ya karɓi mulki a watan Mayu, shari'arsa da Sanata Aisha Jummai Alhassan ta ci gaba har Kotun Ƙoli a farkon 2016. Hankalin manya yana kotu. Da aka rufe kaka, Enyimba ta ɗauki kofi, Taraba FC ta faɗi tare da Sharks da Kwara United da Bayelsa United.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ciwo. A ƙarshen shekarar, 'yan wasan suka tare a ƙofar gidan gwamnati suna neman albashinsu na watanni da dama, suna kwana a wurin cikin sanyin hunturu. Jaridun ƙasar nan sun ɗauki labarin, har ya kai ƙasashen waje. Samarin da muka yi wa tafi, waɗansu daga Kudu suka baro iyayensu suka zo suka sa rigarmu, su ne a kan tabarma a bakin titi. Ba a Taraba kaɗai aka ga irin haka ba, 'yan wasan jihar Ribas ma sun yi kukan bashi a shekarar, amma ciwon wani ba ya rage naka.

A daidai wannan lokaci kuma, cikin Disambar 2015, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 23 ƙarƙashin Samson Siasia ta ci kofin Afirka a Senegal, inda ta doke Aljeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe. A jerin sunayen tawagar akwai ɗan wasan tsakiya Usman Mohammed, kuma a gaban sunansa Taraba aka rubuta. Shi yana ɗaga kofi a Dakar, ƙungiyarsa a gida ta faɗi, abokan wasansa suna bin bashi. Bayan wata takwas, ya riga ya koma wata ƙungiya a Fotugal, yana cikin waɗanda suka ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Rio, ranar da aka doke Honduras 3 da 2, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samo daga Rio.

Cikin huɗun da suka hau tare a 2013, kowa da yadda ta ƙare masa. Giwa FC hukumar gasa ta kore ta a tsakiyar kakar 2016 bayan ta ƙi halartar wasanni uku. Abia Warriors ta kafa gindinta ta zauna shekara da shekaru. Taraba FC ba ta sake komawa Firimiya ba. Filin ya ci gaba da karɓar faretin ranakun biki da gangamin 'yan siyasa da wasannin ƙananan ƙungiyoyi, samarinmu kuma suka koma gidajen kallo suna musu a kan Madrid da Barcelona.

Filayen makarantun da aka fara abin a cikinsu su ma sun matse. Yara sun ƙaru, ana bukatar azuzuwa, kuma duk lokacin da za a yi sabon gini a makaranta, filin ƙwallo ake fara kallo. Su ne fa wuraren da koci zai tsaya a gefe da yamma ya hango yaron da zai sa rigar jiha nan da shekara biyar.

Duk ɗan uwan da ke da hoton wani wasa na 2014 ko 2015, ko tsohon tikitin shiga fili, ko ma hoton ƙungiyar makarantarsu ta da, don Allah ya turo mana a haɗa wuri ɗaya. Akwai yaron da na yi wa alkawarin zan nuna masa.