Gilashin kashe ƙyalli: abin da yake yi wa hoton gona da na tabki

Duk damana sai irin wannan magana ta iso mu a gidan rediyo. Ɗan'uwa yana Abijan ko Libiya, ya aiko da kuɗin taki da na ƴan ƙwadago, ya ce a ɗauko masa hoton gona ya gani. A je a ɗauka da salula, a tura ta WhatsApp. Gonar da ido ya gani kore shar, a hoto sai ta fito fari-fari kamar an watsa mata toka, sama kuma fari fat, ba shuɗi ba gajimare. Daga nan zargi ya fara: ina kuɗin takin suka shiga? Sau da yawa manomi bai yi laifi ba, salular ma lafiyarta lau. Ƙyalli ne ya cinye launin. Akwai wani ɗan gilashi da masu ɗaukar hoto suke sa wa kamara saboda wannan matsala, shi za mu yi bayani a kai yau.

Masu kanti suna kiransa da sunansa na Faransanci, filtir polarizan. Mu dai mun sa masa gilashin kashe ƙyalli. Zagayayye ne, launinsa toka-toka mai duhu, yana da zobe biyu: ɗaya ana ɗaura shi a bakin idon kamara, ɗaya kuma yana juyawa da yatsa. A gefensa za ku ga an rubuta CPL ko PL.

Ga yadda yake aiki. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kuma wanda ya taho daga rana kai tsaye yana kaɗawa ta kowane ɓangare. Amma in ya bugi ruwa, ko gilashi, ko ganye mai santsi ya dawo, mafi yawansa sai ya koma kaɗawa ta ɓangare guda. Wannan hasken da ya dawo shi ne ƙyallin da ke rufe launi. Ku ɗauki misalin darnin kara: in kuka riƙe faifai a tsaye zai wuce ta tsakanin karare, in kuka kwantar da shi ba zai wuce ba. Haka gilashin nan yake. In an juya zoben daidai, ƙyalli ya tokare a waje, hasken da ke ɗauke da ainihin launin abu ya shige.

Wani Bafaranshe mai suna Etienne-Louis Malus ne ya gano wannan hali na haske a 1808, yana duban hasken rana da ke dawowa daga tagogin wata fada a birnin Paris. Shi kuwa siririn fallen da ake sawa cikin gilashin, aikin wani Ba'amurke ne, Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Irin fallen nan ne ke cikin wasu tabarau na direbobi.

Inda ya fi nuna bajintarsa shi ne a ganye. Ganyen hatsi, na mangwaro, na albasa irin ta Galmi, duk suna da santsi a sama, balle in ruwa ya sauka da dare. Kowane ganye sai ya zama kamar ɗan ƙaramin madubi yana maido da farin sama. Ido ba ya damuwa, don ya riga ya san ganyen kore ne. Kamara kuwa abin da ya shigo mata take rubutawa. Ku sa gilashin, ku riƙa juya zoben a hankali kuna kallon allo, za ku ga koren yana tasowa, jar ƙasa mai laima ita ma tana ƙara ja. Inda ya yi muku daidai sai ku tsaya. Ko fuskar mutum mai gumi a rana, yana rage mata sheƙi.

Wannan ne ya sa muke cewa manhajar gyaran hoto ba ta iya maye gurbin wannan gilashi. Manhaja tana iya ƙara launi ta rina hoto, amma abin da ƙyalli ya rufe tun farko bai shiga hoton ba, ba ta da inda za ta samo shi.

Sai sama. Shuɗin sama yana ƙara duhu da wannan gilashi, farin gajimare ya fito ɓaro-ɓaro, irin hadarin nan da ke haɗowa daga gabas a watan Agusta. Amma ba kowane ɓangare ba. Ya fi aiki inda ya yi kusurwar digiri 90 da rana, wato rana tana gefen kafaɗarku. In kun fuskance ta, ko tana bayanku daidai, kusan ba za ku ga bambanci ba. Da hantsi ko da la'asar, ku fuskanci arewa ko kudu. Da tsakar rana, lokacin da take bisa kai, ƙasan sama ne kawai ke yin duhu, can wajen da ya haɗu da ƙasa. In kuma kamararku tana ɗaukar fili mai faɗi sosai, wani gefen saman zai yi duhu wani ya yi haske, kamar zanen da rini bai kama daidai ba. Maganinsa a sassauta zoben kaɗan. Bakan gizo ma ku kula da shi: juyi ɗaya yana ƙara masa kyau, wani juyin yana shafe shi gaba ɗaya.

A ruwa akwai abin lura. Ƙyalli ya fi mutuwa in kuna duban ruwan a karkace, kamar digiri 37 daga fuskarsa. A sauƙaƙe, in kamara tana tsayin mita 1 da rabi bisa ruwa, wurin da ke mita 2 a gabanku shi zai fi washewa. Sai dai kar a yi zaton gilashin zai tace ruwa. Gulbin Maraɗi in ya kawo, ja ne, kuma ja za ku gani, har ya fi yadda ido ke gani. A ruwan da ya kwanta ne ake hango ciyawa da yashin ƙasa. Kuma wani lokacin inuwar da ke cikin ruwan ita ce hoton. Wanda ya je tabkin Madarunfa ko na Tabalak da marece, ya ga itatuwa da jirgin masunta sun kwanta cikin ruwa, in ya kashe wannan ai ya yi asara. Nan sai a juya zoben baya, ko a cire gilashin a sa aljihu.

Yanzu ga inda mutane suke zubar da kuɗinsu. Da yawa suna sayensa don hazo, suna zaton zai share ƙurar hunturu. Ba ya yi. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tsakanin Disamba da Fabrairu tana watsa haske ta yadda ba ya komawa ɓangare guda sosai, gilashin ba shi da abin da zai tare. Ranar da hazo ya rufe duwatsun Damagaram, ko kogi a Yamai har ba a hango ƙetare, komai juyin da kuka yi fari za ku samu, sai ma ƙarin duhu. Lokacinsa damana ne da kaka, sa'ad da ruwa ya wanke sama. Haka nan ba ya kashe ƙyallin ƙarfe tsurarsa, kamar sabon kwanon rufi. Ƙarfen da aka shafa wa fenti, irin jikin mota, wannan yana ragewa.

Yana kuma cin haske, daga rabi zuwa kashi 3 cikin 4 na abin da zai shiga kamara. Da rana tsaka ba komai. Amma da almuru, ko cikin ɗaki, ko inda abu ke gudu kamar sukuwar dawaki da filin kokowa, hoto zai iya fitowa da dishi-dishi. A cire shi. Kuma duhunsa kar ya ruɗe ku: ba ya kare ido, kada wanda ya kalli rana ta cikinsa.

Wajen saye, mai babbar kamara ya duba lambar da ke bakin idonta, kusa da wata alama mai kama da sifiri da aka ja wa layi. Za ku ga 52, 58, 67 ko 77, faɗin bakin ke nan a milimita, shi za ku gaya wa mai kanti ko ɗan'uwan da zai aiko. Ku zaɓi mai CPL, don mai PL kawai yana rikita wasu kamarori wajen auna haske da saita gani. Na salula yana zuwa da ɗan maƙali, sai a tabbatar ya rufe idon da ke ɗaukar hoton, tunda salulolin yanzu ido biyu ne ko uku. Kafin ku biya, ku gwada: a kunna allon kwamfuta, a riƙe gilashin, gefen da ake ɗaurawa yana wajen idonku, a juya. Na gaske zai sa allon ya yi baƙi ƙirin a wani wuri. In bai sauya ba, baƙin gilashi ne kawai. Wanda ba shi da halin saye, in yana da tabarau da ya ci wannan gwaji, ya kara shi a idon salula ya riƙa karkata shi, zai ga aikin.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. A hure ta tukuna kafin a goge da ƙyalle mai laushi, ban da bakin riga, don yashi yana karce shi. Kar a bar shi cikin mota a rana, kar kuma a ɗaure shi tamau har ya ƙi kwancewa.

Mai son tura hoton gona, ya jira safiyar da ruwa ya kwana, ya fita wajen ƙarfe 8 zuwa 10, rana a kafaɗa. Ya ɗauki ɗaya da gilashin, ɗaya babu, daga wuri guda, ya tura duka biyun. In da hali a tsayar da yaro cikin hatsin, mai kallo daga nesa ya ga inda tsawonsa ya kai.