Rabon Ma'aikata da Daidaita Nauyin Aiki a Shirye-shiryen Kwamfuta

Duk wani shiri na kwamfuta, kamar kafa rumbun bayanan albashi ko haɗa ofisoshi da intanet, yana dogara ne kan ƙwararru ƙalilan. Don haka muke bambanta matakai biyu wajen tsara shi. Rabon ma'aikata shi ne danƙa kowane ɓangare na aikin a hannun wani jami'i tare da ƙayyade sa'o'in da zai ci. Daidaitawa kuwa tana biyo baya, domin a tabbatar ba a ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfin lokacinsa ba.

Misali, idan injiniya ɗaya ne ya ƙware a rumbun bayanai, aka kuma ba shi ayyuka biyu a mako guda, kowanne na sa'o'i 40, to jadawalin yana neman sa'o'i 80 daga mai sa'o'i 40. Irin wannan jadawali a takarda kawai yake aiki.

Kafin a gyara, sai a gano jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu zai jinkirta shirin baki ɗaya. Kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka ne suka ɓullo da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1950. Ayyukan da ba sa cikin jerin suna da rarar lokaci, kuma su ake fara ɗagawa. In rarar ta ƙare, babu makawa ranar kammalawa ta matsa gaba, kuma a ganinmu ya fi dacewa a sanar da hukuma tun kafin a sa hannu kan kwangila.

Sau da yawa shugabanni kan ce a ƙaro ma'aikata. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara yakan ƙara masa jinkiri. Dalili shi ne tsofaffin ma'aikata sai sun ajiye nasu aikin sun koyar da sababbi, ga kuma yawan tuntuɓar juna: tsakanin mutum 5 hanyoyin tuntuɓa 10 ne, tsakanin mutum 10 kuwa sun kai 45.

Manhajoji irin su Microsoft Project suna iya daidaitawa da kansu, amma da kalandar da aka ba su suke lissafi. Wajibi ne jami'in tsare-tsare ya shigar da hutun shekara na kowane ma'aikaci, da ranakun hutun Sallah da Kirsimeti, da kwanakin kwas.