Yaji ko Rumfa: Yadda Na Bi Sawun Wangarawa a Rumbunan Intanet

A zangon farko na shekarar da na shiga aji biyar na sakandare, malamin tarihi ya yi mana gwaji. Tambaya ta uku ita ce: a zamanin wane sarki Wangarawa suka iso Kano? Ban tsaya dogon tunani ba na rubuta Muhammadu Rumfa. Da takardata ta dawo sai na tarar an soke amsar da jan biro, an rubuta Yaji a gefe, tare da shekarun 1349 zuwa 1385. Maki biyu kacal na rasa, amma abin ya tsaya mini a rai, domin amsar ba ƙagenta na yi ba. Daga bakin kakana na ji ta tun ina ƙarama, a zauren gidanmu da ke Madabo cikin birnin Kano, inda yakan ce mu jikokin jama'ar Shehu Abdurrahman Zaite ne, waɗanda suka taso daga ƙasar Mali suka sauka Kano lokacin Rumfa yana kan gado.

Da maraice na kai masa ƙara, na nuna masa takardar. Ya duba ta ta saman tabaransa, ya yi dariya, ya ce, "Amarya, ki koma ki gaida malaminku, ki tambaye shi shi littafin nasa wa ya faɗa masa." Washegari na isar da saƙon cikin ladabi, ina tsoron kada a ɗauke shi a matsayin rashin kunya. Malam bai yi fushi ba. Ya ce amsar manhaja ke nan, ita kuma za a nema a jarrabawa, amma idan ina son sanin inda manhajar ta samo ta, to akwai rumbunan mujallun ilimi a intanet. Ya rubuta mini sunaye uku a bayan littafina: Google Scholar, JSTOR da AJOL. Daga nan na shiga binciken da ya cinye mini hutun zango ɗungurungum, da wayar yayana da kuɗin datar da nake tarawa daga na makaranta.

Kafin wannan rana ban san bambanci tsakanin jarida da mujallar ilimi ba. Mujallar ilimi wuri ne da masani yake kawo sakamakon bincikensa, a ba wasu masana su tantance shi kafin a buga, sa'annan duk abin da ya faɗa sai ya nuna inda ya samo shi a ƙasan shafi. Al'adar ta samo asali tun 1665, lokacin da aka fara fitar da irin waɗannan mujallu a Faransa da Ingila. A nan gida, an kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya a 1955 ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, ta fara fitar da mujallarta a 1956. A 1960 kuma aka fara buga Mujallar Tarihin Afirka a Ingila. Shekaru da dama duk mai son karanta waɗannan sai ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin karatun wata jami'a, ya yi fatan kundin da yake nema yana nan a kan kanta.

Rumbunan intanet su suka sauya wannan hali. An kafa JSTOR a Amurka a 1995, bisa shawarar William Bowen, shugaban Gidauniyar Mellon, wanda ya lura ɗakunan karatu na cika da tsofaffin mujallu har wuri yana ƙarewa. Sai aka shiga ɗaukar hoton mujallun shafi bayan shafi tun daga fitowarsu ta farko, na'ura ta karanta haruffan, yadda mutum zai iya neman kalma guda a cikin dubban kundaye. AJOL ya zo a 1998 domin tattara mujallun da ake bugawa a Afirka, Google Scholar kuma ya bayyana a 2004. Shi wannan na ƙarshe ba ya ajiye komai, ɗan jagora ne kawai, yana nuna inda maƙala take da kuma waɗanda suka ambace ta bayan fitowarta.

Daren farko na sha wuya. Na rubuta tambayata da Hausa yadda take a takardar gwaji, ban samu abin kirki ba. Na mayar da ita Turanci, sai sakamako ya yi mini yawa har na rasa ta ina zan kama. Sannu a hankali na gane rumbu ba ya amsa tambaya, kalma yake nema. Na koyi sanya kalmomi biyu tsakanin alamun zance idan ina son su fito a jere, na koyi taƙaita shekarun bugu, na koyi zaɓen fannin tarihi kaɗai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rubutun sunaye. Sarkin da muke kira Rumfa, tsohuwar fassarar Turanci Rimfa ta rubuta shi. Shehun da kakana yake kira Zaite, wasu masana Zagaiti suke rubutawa. Wangarawa kansu wani wuri Wangara ne, wani wuri kuma a tattauna su ƙarƙashin sunan Jula. Na ware shafi guda a littafina na jera kowane suna da siffofinsa, ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma shingen kuɗi: sau da yawa shafin farko kaɗai ake nunawa, a nemi daloli kafin a buɗe saura. Sai da na yi rajista a JSTOR, wadda take ba mutum damar karanta wasu maƙaloli kyauta a kowane wata ba tare da saukewa ba, sa'annan ƙofa ta buɗe mini. Saboda haka da biro nake kwafe abin da na karanta, ina sauri kada caji ya ƙare.

A dare na huɗu na isa ga wanda ya faɗa wa littafin malam. Wani jami'in mulkin mallaka ne, H. R. Palmer, wanda a 1908, shekara biyar bayan Turawa sun ci Kano, ya buga fassarar wani rubutun Larabci na tarihin sarakunan Kano a mujallar cibiyar nazarin al'ummomi ta Ingila. Rubutun ya faro daga Barbushe da mutanen Dala, ya bi ta kan Bagauda, ya gangaro har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. A cikinsa ne aka ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Yaji, su kimanin arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite, suka kawo Musulunci. Ganin sunan Shehu a wannan tsohon shafi ya sa tsigar jikina ta tashi, ko da yake shafin ƙaryata kakana yake yi.

Amma akwai abin da na lura da shi wanda littafin makaranta bai taɓa faɗa mana ba. Shi rubutun Larabcin tsawon sarautar kowane sarki yake bayarwa, wane ya yi shekara kaza, wane ya yi wata kaza. Shekarun Miladiyya da muke haddacewa, har da 999 da ake cewa Bagauda ya fara sarauta, lissafi ne da Palmer ya yi, yana ƙidayawa da baya daga zamanin da aka tabbatar da shekarunsa. Ke nan idan an yi kuskure a tsawon sarautar sarki ɗaya, ko an tsallake wani, duk shekarun da suka gabace shi sun gusa. Lambobin da aka rubuta mini da jan biro ƙiyasi ne mai daraja, amma ƙiyasi ne.

Daga nan na koma Google Scholar na duba waɗanda suka ambaci fassarar Palmer, sai na faɗa tsakiyar wata muhawara da ta ɗauki shekaru. Murray Last, a wata maƙala ta 1980 a mujallar History in Africa, ya nuna cewa yawancin rubutun an tsara shi ne wajen tsakiyar ƙarni na 17, kuma labaran sarakunan farko suna ɗauke da ishara da misali fiye da bayanin abin da ya auku kai tsaye. John Hunwick kuwa, a wannan mujalla a 1994, ya kafa hujja cewa an harhaɗa shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, a zamanin Muhammadu Bello, har ya karkata ga cewa Ɗan Rimi Barka ne ya yi aikin. Ko wanne daga cikinsu ya dace, abu guda ya fito fili: wanda ya rubuta labarin Yaji ya rubuta shi ne bayan ɗaruruwan shekaru da wucewar Yaji. Na kuma karanta maƙalar Paul Lovejoy ta 1978 a Mujallar Tarihin Afirka, wadda ta ɗora muhimmancin Wangarawa a kan rawar da suka taka wajen bunƙasa fatauci a ƙarni na 15 da na 16.

A ƙasan shafukan waɗannan maƙaloli ne na yi ta cin karo da suna guda: Muhammad al-Hajj, mujallar Kano Studies, 1968. Ya buga wani rubutun Larabci na tsakiyar ƙarni na 17 da ake kira Asl al-Wangariyyin, wato asalin Wangarawa, tare da fassara. Na nemi maƙalar a rumbunan nan uku da kowace siffar suna da ke shafina, ban samu cikakkiyarta ba, sai dai ambatonta a ayyukan wasu. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Mujallar da aka buga a Landan shekara fiye da ɗari da suka wuce ta zo mini har kan tabarmata, wadda aka buga a garinmu kuwa ta gagare ni. Sai daga baya na fahimci dalili. Ba komai rumbu yake ɗauka ba, sai abin da aka ƙulla yarjejeniya a kansa, aka samu cikakkun kundayensa, aka biya kuɗin ɗaukar hotonsa. Ƙananan mujallun jami'o'inmu, waɗanda fitowarsu takan yanke ta dawo, su ne suka fi saurin faɗuwa a wannan rariya. Ɗalibin da ya ɗauka abin da allo ya nuna masa shi ne iyakar abin da aka rubuta, to zai rasa muryoyin da suka fi kusa da shi.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Na roƙi kawuna, wanda yake karatu a wata jami'a, ya raka ni ɗakin karatunsu. Wani dattijon ma'aikaci ya saurari bukatata, ya shiga ciki ya daɗe, sa'annan ya fito da wani siririn kundi wanda takardunsa suka yi ja don tsufa. A tsaye na fara karantawa. Rubutun ya ba da labarin Shehu Abdurrahman da jama'arsa, yadda suka bar Mali da niyyar aikin hajji, suka ratso ƙasar Hausa, suka iso Kano. Sarkin da ya karɓe su kuwa shi ne Muhammadu Rumfa, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano. Abin da kakana yake faɗa a zaure yana nan a rubuce tun fiye da shekara ɗari uku da hamsin.

Na so in ruga makaranta ina shelar nasara, amma makonnin da na yi ina bin ƙasan shafuka sun koya mini taka tsantsan. Shi ma Asl al-Wangariyyin an rubuta shi ne kimanin shekara ɗari da hamsin bayan Rumfa, kuma ya fito ne daga wajen zuriyar da take da muradin ɗaukaka kakanninta, kamar dai yadda nake da shi. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne wannan: tsakanin ƙarshen sarautar Yaji da farkon ta Rumfa akwai kusan shekara tamanin, saboda haka da wuya mutum ɗaya ya jagoranci ayari a zamanin sarakunan biyu. A fahimtata, Wangarawa ba rana ɗaya suka shigo Kano ba. Fatake da malamai sun yi ta zuwa ayari bayan ayari, tun daga ƙarni na 14, sunan shehun da ya fi shahara a cikinsu kuma shi ya rinjayi tunanin masu ba da labari, har aka jingina masa zuwan farko. Wannan ra'ayina ne na ɗaliba, kuma na rubuta shi a matsayin ra'ayi a rahoton da na miƙa wa malam, kowace magana da inda na samo ta.

Malam ya karanta rahoton a gaban aji, ya ce makin nan biyu ba za su dawo ba, domin a jarrabawar ƙarshe ma Yaji za a nema, kuma ya shawarce ni in rubuta Yaji. Haka na yi. Amma tun daga wannan zango, duk lokacin da ya zo kan darasin, yakan gaya wa ɗalibai cewa ruwaya biyu ce, ya ambaci kowacce da tushenta.

Kakana kuwa, da na karanta masa abin da na kwafo, bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ce shi daga wajen mahaifinsa ya ji, shi kuma daga wajen wani malami na unguwa wanda yake da tsofaffin takardu a gafaka. Na tambaye shi ina takardun suke yanzu. Ya yi shiru, sa'annan ya ce rabonsa da ganinsu tun yana saurayi, amma ya san gidan. Mun yi alkawari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kai ni mu gaida magadan, ni kuma na riga na roƙi yayana aron wayarsa, ko Allah zai sa su yarda in ɗauki hoton shafukan.