Daga Sandar Walda zuwa Bindiga Mai Zuƙe Hayaƙi: Tarihin Sana'ar da Matsalar Kayan Gyara a Ƙasar Zuru

Aikin walda, wato haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar narkar da bakunansu, ya iske ƙasar Zuru da daɗaɗɗiyar sana'ar ƙira, inda maƙera ke samar da fartanya da lauje da gatari ga manoman Lelna da maƙwabtansu. Sabuwar fasahar ta shigo Arewa ne ta manyan ma'aikatu, tun daga jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, zuwa masana'antar makaman soja ta Kaduna a 1964, da kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai ta Kaduna a 1980. Waɗanda suka ƙware a irin waɗannan wurare su ne suka horar da yaran shago, sana'ar ta bazu zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, sannan ta kai ga unguwannin Zuru irin su Rikoto, inda a yau ake ƙera ƙofofi da tagogi da amalanke da garmar shanu a bakin titi.

Abin da ya samu gindin zama shi ne walda da sanda, wato siririn ƙarfe mai lulluɓi wanda injiniyan ƙasar Suwidin Oscar Kjellberg ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Lulluɓin nan yana ƙonewa ya fitar da iskar da ke kare narkakken ƙarfe daga gurɓata, saboda haka mai walda ba ya bukatar komai sai inji da waya da mariƙin sanda. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, lokacin da injin waje ya gagari ƙaramin mai shago, sai masu naɗin waya suka shiga haɗa injin a gida, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa ana iya gyara shi a cikin gari.

A Amurka kuwa, tun 1948 aka fito da hanyar da ake kira MIG, wadda a cikinta inji ke turo waya daga ƙulli ba yankewa, ta bi ta cikin abin riƙo mai kama da bindiga, iskar gas kuma ta rufe wurin haɗin. A 1953 masanan Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa iskar kabon-dayoksaid mai araha tana iya wannan aiki a kan baƙin ƙarfe. Daga baya aka ƙara wa wasu bindigogin baki na biyu da mesa, domin su zuƙe hayaƙin tun daga inda yake tashi, kafin ya kai hancin ma'aikaci. Bukatar hakan ta ƙaru bayan 2017, shekarar da cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam.

Duk wannan tsari ya rataya ne a kan kunama, wato ɗan makunnin da yatsa ke dannawa a ƙarƙashin mariƙin bindigar. Ita kanta ba ta ɗaukar wutar walda. Wayoyi biyu ne sirara masu ƙaramin ƙarfi ke tafiya daga gare ta zuwa injin, kuma da zarar ta haɗa su sai bawul ɗin gas ya buɗe, motar turo waya ta juya, wuta ta kama. Da yake ana danna ta sau da yawa a yini, ga zafi ga tartsatsi ga ƙurar hunturu, tana cikin sassan da ke saurin mutuwa: ko ta ƙi kamawa, ko ta maƙale waya ta yi ta fitowa. Kamfanoni irin su Abicor Binzel da Lincoln Electric suna sayar da ita a matsayin kayan canji, amma kowane kamfani da siffar mariƙinsa, ta wannan ba ta zama a gurbin ta wancan. Makanike mai dabara yana iya ɗaura wani makunni da salatif inji ya tashi, sai dai a bindiga mai zuƙe hayaƙi mariƙin shi ne hanyar da hayaƙin ke bi, don haka idan aka fasa shi ko aka mayar da shi bai rufu daidai ba, iska takan shiga ta tsagar, zuƙar ta yi rauni, walda ta ci gaba amma kariyar ta tafi ba tare da mai aikin ya sani ba.

Wannan matsala ta kayan gyara, tare da tsadar tukunyar gas, da rashin tsayayyar wutar lantarki, da kuma iskar fili da ke kore gas ɗin daga kan ƙarfe, shi ya sa bindigar ta tsaya a manyan masana'antu, ba ta sauko rumfunan gefen hanya ba. Aikin fili yana rage wa mai walda hayaƙi, amma ba ya kawar da shi, musamman idan ya sunkuya a kan aikin, ko ya shiga cikin tanki, ko yana ƙona bututu mai rufin zinki, wanda hayaƙinsa ke kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Madarar gwangwani da wasu masu sana'ar ke sha bayan an tashi aiki, bisa imanin cewa tana wanke ƙirji, ciki take zuwa, ba huhu ba.

Saboda haka makarantun koyon sana'a, irin su Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Zuru, da duk mai shagon da ke shirin sayen irin wannan bindiga, ya kamata su fara tabbatar da inda za a samu kunamarta da bakinta da matatar hayaƙinta kafin a biya kuɗin injin.