Dankalin da Ya Ƙi Shiga Rumbu

Kakana bai taɓa cewa dankalin Turawa ba. “Abincin masu kuza” yake ce masa, don a lambunan Turawan haƙar kuza da na 'yan mishan ya fara ganinsa a tudun Jos. Asalinsa duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, saboda haka sanyin Filato ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, gwamnatin mulkin mallaka ta matsa a noma shi don ciyar da sojoji. Tun daga nan ya tsallake shingen lambu ya faɗa gonakin Bokkos, Mangu da Barikin Ladi, inda acca ce ke sarauta a da.

Nomansa bai ba kowa wuya ba. A ja kunya da ruwan fari, a binne iri, a zuba taki, cikin wata uku a tone. Ajiyar ce ta gagara. Mutanen da suka saba zuba hatsi a rumbu ya shekara biyu sai ga su da amfanin da ke numfashi, yana tsiro, yana ruɓewa. Na tuna ɗakin da babana yake shimfiɗa iri a ƙasa, taga a buɗe don iska da ɗan haske. Duk Asabar mu ake turawa mu juya shi, mu tsince ruɓaɓɓu. Ɗaya tak in ya lalace, hanci ne zai fara gaya maka, kuma ba ya tafiya shi kaɗai.

Shi ya sa a watan Agusta kowa ke rige-rigen kai buhunansa kasuwar Maikatako, farashi ya zube, dillali ya yi dariya. Manya a sayar, ƙanana a bari iri. Nan muka cuci kanmu, a ganina: shekara da shekaru muna mayar da mafi rauni cikin ƙasa, har da cutar da ya ɗauko. Masu binciken dankali da ke Kuru sun sha faɗin haka, sun kuma yaɗa iri irin su Nicola, amma wanda bashin taki ke wuyansa ba ya ajiye babban dankali.

Kamfanonin kuza sun tafi sun bar mana kududdufai. Da ruwansu ake noman rani yanzu, ƙarar injin ban-ruwa tun asuba cikin hunturu, kuma dankalin ranin ne ke zama irin damina mai zuwa.